Jujin da Ke Filin Malam Muktari

"Ba ni kwashe shi ni kaɗai. Rabin jujin nan na awakin matarka ne."

Kaltumi ce ta faɗa, tana tsaye a ƙofar gidanta da tsintsiya a hannu. Maƙwabcinta Malam Muktari, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, da ya yi ritaya, yana ɗaya gefen jujin, ya toshe hanci da bakin rawaninsa.

"Awaki biyu gare mu, Kaltumi. Biyu. Ke raguna shida."

"Biyun naku ba su kashi?"

"Suna yi. Da ladabi suke yi."

Mutanen da suka taru suka yi dariya. Malam bai yi ba.

Tsakanin gidajen biyu akwai fili. Na Malam ne, ya saya don ɗansa, ba a taɓa aza ko bulo ɗaya a kai ba. Shekara uku ke nan Kaltumi na share ƙarƙashin ragunanta kowace safiya, ta cika kwano, ta zo ta juye a filin. Raƙiya matar Malam ita ma tana juye nata, in ta ga mijin ya tafi masallaci. Yanzu jujin ya kai ƙirjin mutum. Ƙudaje sun san shi, kajin unguwa sun san shi. Bara da aka yi ruwan farko, ruwa mai launin shayi ya gangaro daga jikinsa ya shiga zauren Malam, ya jiƙa masa littattafai. Tun ran nan yake jiran bazara ta dawo ya kai ƙara.

Mai unguwa Alhusaini na zaune kan benci a inuwar bango, yana sauraro. Da ya ga maganar ta fara zagaye wuri ɗaya, sai ya miƙe.

"Yau Asabar. Gobe ni ka tahiya Barmu ta'aziyya, sai Juma'a in dawo. In an sauko masallaci zan biyo ta nan. In na iske juji, raguna su bar unguwa. Hadari ya hwara haɗuwa, ba ni son zawo shi kama yara kamar bara."

"Ranka shi daɗe, in kai su ina?"

"Ban ce ki kai su ko'ina ba. Na ce a kwashe juji."

Ya tafi.

Kaltumi ta shiga gida ta tsaya tana kallon ragunan. Tun rasuwar mijinta su ne abincinta. Takan sayi ƙanana bayan Layya, ta turke su, ta yi ta ba su dusa da harawa har Layya ta zagayo. Ɗanta yana Abijan wajen nema, waya sai jefi-jefi. Saura mako uku Layya. Rago turkakke in ka sauya masa wuri a irin wannan lokaci, ramewa yake. Kuma ba ta da wurin ma.

Ta nemi masu kwasar shara. Ɗaya ya zo ya dubi jujin, ya dube ta, ya ce jakinsa ba shi da lafiya.

Ran Lahadi ta tafi kasuwa sayen harawa wurin Arzika, manomi daga wani ƙauye kan hanyar Kalfu. Shekara biyu a wurinsa take saye. Yana ɗaure mata dami tana ba shi labari, don ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Arzika ya saki igiyar.

"Inna, kashin tumaki na shekara uku?"

"Uku."

"Wuri guda?"

"Wuri guda, Allah shi kyauta."

"Kuma kina neman wanda za shi zubar?"

Ya dafe kai. Ya kira na kusa da shi mai sayar da kara, ya ce zo ka ji mutanen birnin Tawa. Su biyu suka tsaya suna kallonta kamar ta ce tana neman inda za ta zubar da man shanu.

"Kar ki bari kowa shi taɓa. Talata ina nan tahe."

Talata da hantsi sai ga shi da amalanken jaki da shebur. Bai fara loda ba. Ya zagaye jujin sau biyu. Ya tura hannu har gwiwar hannu, ya ciro na ciki, baƙi, ya murtsuke a tafi, ya shinshina. Matan da ke leƙe ta kan katanga suka yamutsa fuska.

"Ya huce," in ji shi. "Wanga ba shi ƙone shuka. Sai dai leda ta yi yawa, sai an tsince."

Malam Muktari na zaune a bakin zaurensa da littafi. Ya zo ne ya ga ƙarshen abin da idonsa. Arzika ya gaishe shi da girmamawa, shi kuma ya tambaya, cikin muryar da yake yi wa ƴan aji tambaya, me za a yi da wannan ƙazanta.

"Tassa, Malam."

Arzika ya tsuguna ya zana a ƙasa. Gonarsa fako ce, ruwa in ya sauka gudu yake. Da rani sai ya haƙa ƙananan ramuka jere-jere, kowane ya zuba masa taki tafi biyu. Gara ta zo cin takin, ta huhhuda ƙasa. In ruwa ya zo sai ya zauna cikin ramin, a nan ake shuka. Wannan dabarar ce ake kira tassa. Inda mahaifinsa ya bari don ba ya ba da komai, bara ya cika rumbu da shi, har wake.

"Taki ne ka ƙaranci. Shanun ƙauyenmu duk suna arewa. Shi ya sa, Inna, in kaka ta yi, harawarki da kara suna kaina. Taki shi tahi, harawa ta dawo. Haka muke yi."

Malam ya rufe littafin. Yana da gonar gado a Bambeye. Kowace shekara yana aika iri, kowace shekara ana aiko masa da gaisuwa da bayanin ƙarancin ruwa.

Arzika ya kafa shebur a jujin.

"Dakata," in ji Malam.

Ya taso, ya gyara riga.

"Bawan Allah, tambaya gare ni. A ƙauyenku, in makiyayi ya sauka da dabbobinai cikin gonar mutum, sunka kwana, sunka tashi, takin na wa ne?"

"Na mai gona."

"Ko da dabbobin ba nashi ba ne?"

"Ko da. Inda ya hwaɗi, nan ne gidansa."

"Madalla. Wanga wuri nawa ne, takardata tana ɗaki. Aje shebur ɗinka."

Kaltumi ta riƙe ƙugu.

"Malam, ran Asabar ƙazantata ce."

"Ran Asabar ban yi bincike ba."

"To kwashe abinka kamin Juma'a."

"Abina ne, sai na shirya. Mota sai wani mako."

"Mai unguwa ya ce in ya iske juji ragunana su tashi."

"Wannan tsakaninki da mai unguwa."

Ba mugunta ce tsantsa ba. Malam mutum ne da in ya kama gefen magana ba ya saki, ko da gefen na ƙaya ne. Shekara talatin yana aji ba wanda ya taɓa ce masa ya yi kuskure.

Kaltumi ta juya wurin Arzika ta ce ya loda, ita ta sa shi. Arzika ya girgiza kai, ya mayar da shebur cikin amalanke.

"Inna, ki yi haƙuri. Maganar Malam tana kan hanya. Kuma ni ba ni zuba taki mai rigima cikin raminna. Ku shirya, ki kira ni. Kwana biyu ya ishe mu in na taho da ƴan'uwana."

Ya ba ta lambar wayarsa, ya kaɗa jaki. Amalanken ya fita unguwa wayam, yana ƙara.

Ranar Kaltumi ba ta yi faɗa ba. Unguwa ta yi mamaki. Ta ba raguna dusa, ta zauna kan turmi. Ita ƴar Barmu ce, a gona ta girma. Ta tuna lokacin da makiyaya ke sauka gonar babanta bayan girbi. Ta tuna takin, ta kuma tuna abin da Malam bai karanta ba: ita ce ake ɗora wa ƙwaryar fura a kai, safe da yamma, ta kai musu. Babanta kuma ke jan ruwa a rijiya ya shayar da dabbobinsu. Mai gona ba ya samun taki a banza. Baƙi ya sauke, sai ya ɗauki nauyinsu.

Laraba da sassafe, Malam na masallaci, ta fito da turaku shida ta kafa a filin, jere, daidai ƙarƙashin tagar ɗakinsa. Ta jawo ragunan ɗaya-ɗaya ta ɗaure. Ta shimfiɗa tabarma. Ta ɗora malfar marigayi mijinta a kan ɗankwali, ta gitta sanda a kafaɗa. Sannan ta yi sallama ta kan katanga.

"Uwargida, makiyaya sun sauka gonarku."

Raƙiya ta leƙo. Ta dubi malfar, ta dubi ragunan, ta koma ciki. Aka ji tana tari, irin tarin mai danne dariya. Can sai ga ta da ƙwaryar fura da ludayi, ta durƙusa ta ajiye.

"Sannunku da hanya. Daga wace ƙasa?"

"Daga nesa. Bayan katangar nan."

Malam ya dawo ya iske rabin unguwa a filinsa. Mai shayin bakin titi ya bar teburinsa ya zo kallo.

"Mi ne ne wannan?"

"Al'ada, Malam," in ji Kaltumi. "Jiya ka ce gona ce. Mun ji, mun taho. Taki naka ne, wanda anka tara da wanda za a yi. Saura naka aikin. Ruwan dabbobi safe da marece, abincin makiyayi, in da hali da ɗan shayi."

"Wa ya ce haka?"

"Tambayi duk wanda ya taɓa riƙa hauya."

Malam ya dubi mutane. Wani tsoho mai sayar da itace ya gyaɗa kai. Mai shayi ma ya gyaɗa, ko da yake a Tawa aka haife shi, bai taɓa noma ba.

"In kuma ba gona ba ce," ta ci gaba, "hili ne na cikin gari, to abin nan ƙazantata ce, in kira mai amalanke."

Duk wanda ke wurin ya ga ƙofar da ta buɗe masa. Malam ma ya gani. Bai bi ta ba.

"Gona ce."

Ya shiga gida ya fito da bokiti biyu. Famfon unguwa yana da nisa, ga layi. Ya tsaya cikin mata da yara, da rigarsa ta shadda, ya tara, ya kawo. Ragunan suka shanye kafin ya miƙe tsaye. Turkakken rago a bazara ba ya wasa da ruwa. Ya koma. A zuwa na uku babban, wani fari mai baƙin kunne, ya ja da baya ya tunkuyi bokitin, ruwan ya ƙare a ƙafafun Malam.

"Gaisuwa ce," in ji Kaltumi. "Ya san mai gona."

Tana dariya, amma idonta na kan rana. Laraba na tafiya. Arzika ya ce kwana biyu. In Malam ya kai Alhamis da yamma bai sauko ba, jujin zai kwana har Juma'a, kuma mai unguwa ba ya maimaita magana. Malfa da sanda ba za su hana shi korar ragunan ba.

Da azahar Malam ya zauna jiran abinci. Raƙiya ta wuce shi da akushi, ta nufi fili.

"Ina za ki da shi?"

"Wurin baƙi. Kai ka ce gona ce."

"Ni fa?"

"Mai gida ba shi ci kamin baƙo, Malam. In sun rage."

Kaltumi ta rage, ba da yawa ba.

Da la'asar ya sake jan ruwa. Ƙudajen da ke kan juji suka gano sabon wuri, ƙarƙashin taga. Ragunan kuma ba su saba da waje ba, suka yi ta kuka, ɗaya ya gama ɗaya ya ɗauka.

Alhamis bayan sallar asuba, Malam ya fito idonsa ja. Bai ɗauki bokiti ba. Ya tsaya kan tabarmar Kaltumi, ya yi gyaran murya.

"Na sake bincike."

"To."

"Wurin nan bai cika sharuɗɗan gona ba."

"Allah sarki."

"Amma ke da bakinki kin ce rabi na awakinmu ne. Gaban mai unguwa."

Kaltumi ta cire malfar ta yi fifita da ita. Ta so ta ja maganar, don akwai daɗi. Sai ta dubi gabas, rana ta fara fitowa.

"Rabi ya yi yawa ga awaki biyu. Kashi ɗaya cikin huɗu. Kuma kai ka tsintar leda."

Ya tsaya gyaran rawani, don kada a ce ya yarda da sauri. Sannan ya ce ta kira mutumin.

Kafin azahar amalanke huɗu suka shigo unguwa, Arzika da ƴan'uwansa uku. Da aka fasa jujin, wani tururi ya tashi, wari ya kori masu kallo zuwa bakin titi. Masu amalanken ko a jikinsu. Suna loda suna raha, suna cewa mutanen birni da mai da taki shara, su kuma sayi harawa da tsada.

Malam ya naɗe hannun riga ya zauna gefe yana tsintar leda. Ya ciro baƙaƙe, ya ciro farare na ruwan sanyi, ya ciro tsohon takalmin roba ƙafa ɗaya. Raƙiya ta ce nata ne, tun bara take nema. Yana tsinta yana yi wa Arzika tambayoyi. Zurfin rami nawa, tazara nawa, tafi biyu na babba ko na yaro. Har ya aika aka ɗauko masa takarda ya rubuta.

Masu amalanken suka yi sawu ɗaya, suka dawo da yamma suka yi na biyu. Rabon Malam aka ɗura a buhuna. Motar Bambeye sai Lahadi, kuma ba a son mai unguwa ya ga komai a fili, don haka aka jera buhunan a zaurensa, kusa da littattafan. Malam ya dubi buhunan. Ya dai matsar da littattafan sama.

Juma'a da safe aka kwashe na ƙarshe. Kaltumi da Raƙiya suka share wurin, suka yayyafa ruwa. Inda jujin ya zauna ƙasa ta yi baƙi, da'ira babba. Kaji suka zo suka tsaya suna dube-dube.

Da aka sauko masallaci mai unguwa Alhusaini ya biyo. Labari ya riga ya same shi tun a tasha. Ya taka filin daga wannan bango zuwa wancan, hannu a baya.

"Ina makiyayan da anka ce sun sauka?"

"Sun koma ƙasarsu, ranka shi daɗe," in ji Kaltumi.

Ya ja rawani ya rufe baki, kafaɗunsa na motsi. Da ya gama ya ce raguna su zauna.

Kaltumi ta ce Allah shi ƙara girma. Ta jingina da bango.

"Sai dai," in ji mai unguwa, "kar in sake ganin juji a wurin nan."

"Ko kwano guda," in ji Malam. "Na gama da wannan."

Arzika na ɗaure shebur a amalanke mutane suka kewaye shi. Ashe kowa na da nasa. Wannan na da tudu bayan ɗaki, waccan na da na saniya, mai shayi ya ce na surukarsa ya fi na Kaltumi tsufa. Waɗanda suka toshe hanci jiya su ne ke jan hannun rigarsa, kowa na tambayar harawa dami nawa za a ba shi.

Arzika ya nuna gabas. Hadari ya yi gindi, baƙi, iska ta fara ɗaga leda.

"Ku yi haƙuri, kun makara. Ruwa na sauka mu shiga shuka, daga nan sai noma. Jakkai ma hutu za su yi, hanya ta ɓaci. Ba mai zuwa ɗaukar taki sai bayan kaka. Kuma ɗanye ba mu so, ƙone hatsi yake. Ku tara muna, mu zo da rani."

"Mu tara a ina?" in ji wata.

Ya riga ya hau, ya kaɗa jaki. Wataƙila bai ji ba.

Mutane suka fara watsewa. Mai unguwa ya tsaya suna magana da Malam kan motar Lahadi. Raƙiya na kakkaɓe tsintsiya. Sai ga Kaltumi ta fito daga gida da kwano a hannu, cike. Saboda hidimar safe ba ta samu ta share ƙarƙashin ragunan ba sai yanzu. Ta nufi filin kamar kullum, ta yi taku uku, ta tsaya. Ta dubi wurin da aka share, ta dubi Malam, ta dubi mai unguwa.

"To wanga na yau hwa, ina zan zuba shi?"